Anime da Rainin Mata: Laifin Zanen Ne Ko Na Mai Kallo?

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin domin waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba, da waɗanda suka fi son karatu. Daga gida na naɗi shirin yau, nan Dogarawa, saboda haka wanda ya ji ƙarar tirela a cikin sautin ya yi haƙuri, titin Kano ne a kusa da mu.

Yau a kan anime za mu yi magana, wato katun ɗin Japan. Na san tun kafin in ci gaba wasu sun ce, "Kai kuma duk matsalolin ƙasar nan, katun ka gani?" Ku ɗan ba ni lokaci.

Kwanakin baya da daddare an ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida ni da ƙanena ɗan shekara 13 da ƙanwata da ke aji biyu a jami'a. Akwai sauran caji a kwamfutata, sai na kunna mana Naruto, wanda na fara kallo tun ina ɗalibi a Samaru. Aka zo wurin da Jiraiya ya fara fitowa. Ga wanda bai sani ba, Jiraiya dattijo ne mai farin gashi, babban malamin yaƙi, kuma kusan duk masu kallo suna son sa. To yadda aka fara nuna shi, yana laɓe ne a jikin wurin wankan mata yana leƙe, da aka kama shi ya ce wai bincike yake yi saboda littafin da yake rubutawa. Ƙanena ya ƙyalƙyale da dariya. Ni ma na yi, don na saba. Sai ƙanwata ta ce, "Yaya, in da wani tsoho ne a unguwar nan ya yi wannan, me za ku yi masa?" Na ce mata ai katun ne. Ta nuna ƙanenmu ta ce, "To shi wannan da yake dariya, ya san bambancin?"

Wallahi ban samu amsa ba a daren nan. Ita ce ta haifar da shirin yau.

Bari mu fara da abin da nake nufi da rainin mata. Ba sai an nuna ana dukan mace ko ana zaginta ba. In labari ya mayar da mace abin kallo kawai, ko ya mayar da cin zarafinta abin dariya, ko ya nuna cewa komai ƙoƙarinta ba za ta wuce mai jiran namiji ya cece ta ba, to wannan shi ne. Kuma yana nan a cikin manyan shirye-shiryen da muke ji da su, ba sai an je lungu ba.

A Dragon Ball, wanda Akira Toriyama ya fara zanawa a 1984, akwai tsoho Master Roshi. Tun a farkon labarin ya nemi Bulma ta ɗaga masa tufafinta kafin ya ba ta abin da take nema, alhali shekararta 16. A My Hero Academia, wanda ya fara fitowa a 2014, akwai Mineta, ɗalibin da aikinsa shi ne leƙen 'yan ajinsu mata da yunƙurin taɓa su. Abin da ke faruwa kullum iri ɗaya ne: a ƙwala masa mari, ya faɗi, a yi dariya, gobe ya sake. Ba a kore shi daga makaranta ba, bai rasa abokai ba. Shekara 30 ke tsakanin Roshi da Mineta, amma wasan bai canza ba.

Akwai kuma abin da masu harkar ke kira fan sabis, wato hidima ga masu kallo. Ana tsakiyar yaƙi sai a karkatar da hoton zuwa jikin yarinya, ko iska ta ɗaga mata siket, ko a ware kashi guda cur a kai kowa bakin teku don dai a nuna su da kayan wanka. Labarin ba ya buƙatar hakan. In ka cire shi babu abin da zai ragu.

Sannan a duba rabon aiki. Masashi Kishimoto ya zana Naruto daga 1999 zuwa 2014, babi 700. Sakura ta yi karatu a hannun Tsunade, ta zama gwanar likita, tana da ƙarfin da take fasa ƙasa da naushi. Amma an gina rabin rayuwarta a kan bin Sasuke, wanda ya sha wulaƙanta ta, har ya taɓa yunƙurin kashe ta. A babin ƙarshe, Naruto ya zama shugaban gari, ita kuma an nuna ta tana goge ƙura a gida. Aikin gida ba abin raini ba ne, iyayenmu mata da shi suka raine mu. Tambayar ita ce, me ya sa bayan duk wannan gwagwarmaya, hoton da aka zaɓa a rufe labarinta da shi ke nan?

To daga ina abin ya samo asali? Kasuwa ce, jama'a. Yawancin anime daga manga ake ɗauko shi, wato labaran zane da ake bugawa a mujallu. Su kuwa mujallun an raba su ne bisa mai saye: shonen na samari, shojo na 'yan mata, seinen na manyan maza, josei na manyan mata. Naruto da One Piece da Dragon Ball da My Hero Academia duk daga mujalla ɗaya suka fito, Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, wadda aka fara bugawa a 1968 domin yara maza. A tsakiyar shekarun 1990 ta kai bugun kwafi sama da miliyan 6 a mako. Mujallar tana tattara ra'ayin masu karatu a kan labaran da suka fi so, wanda ya daɗe a ƙasa sai a yanke shi. Ka ga mai zane yana fafutukar kada a sallame shi, masu ba shi maki kuma yawanci samari ne masu tasowa. Duk abin da zai riƙe idonsu, za a saka.

Tun a shekarun farko na mujallar aka fara rigimar. Go Nagai ya fito da wani labari mai suna Harenchi Gakuen, inda ɗaga siket ɗin 'yan mata a makaranta ya zama abin wasa. Ƙungiyoyin iyaye da malamai a Japan suka yi ca a kansa. Saboda haka duk wanda ya ce maka ai al'adarsu ce, su ba su damu ba, bai san tarihin ba. Su ma suna ta musu a kai har yau. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta Japan ta yi amfani da zanen wata yarinyar manga da aka zuzuta ƙirjinta a tallan neman masu ba da jini, aka yi ta cece-kuce a kai a cikin ƙasar. A 2014 Japan ta haramta mallakar hotunan batsa na yara, amma dokar ba ta haɗa da zanen manga da anime ba, kuma wannan ya jawo mata suka daga ciki da waje.

Zane kuma madubin al'ummar da ta yi shi ne. Tun farkon shekarun 2000 jiragen ƙasa a Tokyo ke ware taragu na mata zalla a wasu lokuta, saboda yawan masu taɓa mata a cikin cunkoso. A 2018 Jami'ar Likitanci ta Tokyo ta amsa cewa ta yi shekaru tana rage wa mata maki a jarabawar shiga. A rahoton giɓin da ke tsakanin maza da mata na Taron Tattalin Arziki na Duniya na 2023, Japan ta zo ta 125 a cikin ƙasashe 146. Kafin wani ya yi musu dariya, Najeriya ta 130 ta zo. Laifi tudu ne.

Yanzu ga inda nake so mu yi adalci. Anime ba labari ɗaya ba ne, kamar yadda ba za ka ce fim ɗin Hausa duk iri ɗaya ba ne. Fullmetal Alchemist, wanda samari da yawa ke cewa babu kamarsa, mace ce ta zana shi, Hiromu Arakawa, wadda ta taso a gonar kiwon shanu a Hokkaido. Ku duba matan da ke ciki: Winry makanikiya ce, Izumi ita ta koyar da jaruman labarin, Olivier Armstrong janar ce da sojoji ke rawar jiki a gabanta. Kuma labarin samari ne, ya kuma yi kasuwa. Akwai Rumiko Takahashi mai Inuyasha, akwai Naoko Takeuchi mai Sailor Moon. Akwai fina-finan Hayao Miyazaki na kamfanin Studio Ghibli, kamar Spirited Away na 2001, labarin yarinya 'yar shekara 10 da ta ceto iyayenta da haƙuri da aiki tuƙuru, fim ɗin da ya ci kyautar Oscar a 2003. A 2023 an fito da The Apothecary Diaries, inda jarumar, Maomao, da ilimin magunguna take warware matsaloli. Wannan duk yana nuna cewa wulaƙanta mata ba dole ba ne a sana'ar. Zaɓi ne wasu ke yi.

Mu koma ɓangare na biyu: yaya ake kallon masu kallo?

A Japan akwai kalmar otaku, wato wanda ya dulmuya cikin son anime da manga. A 1989 aka kama wani matashi, Tsutomu Miyazaki, wanda ba shi da alaƙa da Miyazaki mai fim, bisa kashe ƙananan yara mata huɗu. Da 'yan jarida suka shiga ɗakinsa suka ga kaset dubbai. Daga nan sai aka yi wa duk otaku kuɗin goro: marasa hulɗa da mutane, masu hatsari ga yara. An ɗauki shekaru kafin tabon ya fara gogewa. Daga baya gwamnatin ƙasar da kanta ta mayar da anime abin tallata Japan, har aka sa Doraemon da Captain Tsubasa a bidiyon da aka nuna wajen rufe gasar Olamfik ta Rio a 2016. Wake ɗaya ya ɓata gari, amma garin ba duka ne ya lalace ba.

A nan Zariya kuwa, daga Samaru zuwa Sabon Gari, kallo iri uku na lura ana yi mana. Na farko na raini ne: "Ƙato da kai, da gemunka, kana kallon katun?" Na biyu na zargi ne: an hango hoto ɗaya a wayarka, shi ke nan ka zama ɗan iska mai kallon tsiraici. Na uku na tsoro ne, cewa ana cusa wa yara aƙidar bautar gumaka da aljanu. Abin dariyar shi ne, da yawa daga masu wannan magana su ma sun kalla. Voltron da aka riƙa nunawa a NTA, wanda yayyenmu da kawunnanmu suka haddace, daga katun ɗin Japan aka ɗauko shi. Mu kuma da muka taso da dish na tashoshin Larabawa mun kalli Captain Majid da Detective Conan a Spacetoon. Bambancin shi ne, waɗancan an tace su kafin su iso mana. Spacetoon tana yanke wurare, tana sauya magana. Na yanzu kuwa kai tsaye yake zuwa, daga Telegram, daga shagon tura fina-finai, daga wayar aboki ta Xender.

Kuma a nan ne kallon farko, na cewa ai katun ne, ya fi cutar da mu. Uwa za ta hana ɗanta kallon fim ɗin Turawa, amma in ta leƙa ta ga zane sai hankalinta ya kwanta. Yaro zai kai memori shago ya ce a sa masa katun, a haɗa masa Tom and Jerry da shirin da a Japan sai tsakar dare ake nuna shi domin manya. Alamar shekarun da ke kan shirin ta ɓace a hanya. Muna da hukumar tace fina-finai ta ƙasa tun 1993, Kano ma tana da tata tun 2001, amma babu hukumar da za ta iya tsayawa tsakanin waya da waya.

Kallo na biyu kuma, na cewa duk 'yan iska ne, ƙarya ne, amma mu masu kallo mu faɗa wa kanmu gaskiya: wasunmu ne ke ba shi ƙarfi. Ku shiga X ko Facebook, a duk lokacin da wata ta yi magana a kan haƙƙin mata, ku duba masu zaginta. Sau nawa za ku ga mai zagin ya ɓoye fuskarsa a bayan hoton Itachi ko Gojo? A guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, wane irin sitika ake turawa? Na taɓa zama a wani guruf na masu kallon anime, mu fiye da 100, mata ba su kai 10 ba. Duk wadda ta yi magana sai an yi mata jarabawa, wai ta lissafo sunayen Hokage in da gaske take. In ta ci, sai a bi ta ta bayan fage da saƙonni. A hankali duk suka fice, sai muka zauna muna cewa ai mata ba sa son anime.

Ku lura da halin da yarinya mai son anime take ciki a garin nan. A gida ana ganin ta fiye rawar kai, ko ta fara lalacewa. A cikin masu kallo 'yan'uwanta kuma ana ganin ta zo neman samari ne. Ta ko'ina ba ta tsira ba. Namiji in an yi masa dariya sau ɗaya ya wuce, ita kuwa sunanta ake taɓawa, kuma mun san nauyin suna a wurin 'ya mace a ƙasar Hausa.

Shin anime ne ke sa saurayi ya raina mata? Ni ban yarda da wannan kai tsaye ba. Wanda bai taɓa jin sunan Naruto ba ma yana tare 'yan mata a hanya, yana zagin matarsa. Rainin yana nan kafin zuwan intanet. Abin da nake cewa shi ne, labari yana iya ƙarfafa abin da ya tarar. Misali, The Rising of the Shield Hero da aka fara nunawa a 2019. Labarin ya buɗe da wata gimbiya da ta yi wa jarumin sharrin fyaɗe, shi kuma ya tsani mutane, ya je ya sayi yarinya baiwa don ta yi masa yaƙi. A watan Fabrairun shekarar ne 'yan matan Arewa suka fara ba da labarin cin zarafin da aka yi musu a ƙarƙashin ArewaMeToo, kuma mun ga yadda da yawa suka yi saurin cewa sharri ne tun kafin su saurara. Babu wanda ya ce shirin ne ya jawo hakan. Amma saurayin da tun asali yake ganin mata maƙaryata ne, in ya kalli irin wannan sai ya ji an gaskata shi. Namu fina-finan da littattafan ma ai suna da nasu: muguwar kishiya, budurwa mai kwaɗayi, uwar miji mai bin bokaye.

To me za mu yi? Ni ban zo in ce a daina kallo ba, don ni ma ban daina ba. Na koyi abubuwa a ciki, na juriya, na riƙon abota, na tashi bayan faɗuwa. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga 'yan'uwana maza masu kallo: in an soki shirin da kake so, ba kai aka zaga ba. Za ka iya son Jiraiya, ka yi kukan mutuwarsa, kuma ka ce leƙen da yake yi ƙazanta ne. In ka ji kana neman kare Mineta, ka tsaya ka tambayi kanka dalili. In kai ne mai kula da guruf, ka sa doka a kan sitika da bin mata ta bayan fage, kuma ka cire wanda ya karya, ko abokinka ne.

Ga yayye irina: mu ne hukumar tacewar gidajenmu, ko mun so ko mun ƙi, don mu muka san sunayen. Kafin ka tura wa ƙanenka shiri, ka duba shekarun da aka ware masa, minti ɗaya ya isa a intanet. In kuna kallo tare aka zo irin wurin nan, kada ka wuce da shi shiru kawai. Ka tsayar, ka tambaye shi me ya gani. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga masu shagon turawa: ku raba na yara da na manya. In yaro ɗan firamare ya zo, kun san abin da bai kamata ku sa masa ba.

Ga iyayenmu da malamanmu, da girmamawa: zane ba shi ne shaidar cewa abu na yara ba ne, kuma ba shi ne shaidar cewa ɗanku ya lalace ba. In kuka ƙwace wayar kuka ce duk iskanci ne, zai koma kallo a ɓoye, kuma ba zai sake gaya muku komai ba. Ku tambaye shi labarin me ake yi. Za ku sha mamakin yadda zai saki baki.

Ga 'yan'uwana mata masu kallo: ba sai kun ci jarabawar kowa ba. Kuma in abu ya dame ku a cikin shiri, ku faɗa. Ni shekara kusan 10 ina kallon wurin nan ina dariya, sai da ƙanwata ta yi tambaya ɗaya na gan shi.

Washegarin wannan dare na kira ƙanena na tambaye shi, in ya ga wani yana leƙen yayarsa me zai yi. Ya ce zai fasa masa kai. Na ce to matan da Jiraiya ke leƙe fa? Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ai su ba a nuna 'yan'uwansu ba." Na ce masa haka ne, ba a nuna ba. Yanzu Fullmetal Alchemist muke kallo mu uku, kuma ƙanwata ce ke riƙe da kwamfutar.

A nan za mu dakata. Ina so in ji daga gare ku, musamman mata masu kallon anime a Zariya, Kano, Kaduna da sauran wurare: wane shiri ne ya sa kuka ji an mutunta ku, wanne ne kuma kuka kashe tun bai ƙare ba? Ku tura wa wanda kuka san yana kallo, da wanda ke da ƙane mai kallo. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.